Wakilin Samfuri: Taƙaita Manhajojin Kwaikwayon Gina Ƙasa da Lissafin Yanke Shawara

Tsakure

Tun bayan mamayar Afganistan a 2001 da ta Iraƙi a 2003, hukumomin tsaron Amurka da Birtaniya suka zuba kuɗi wajen ƙera manhajojin kwamfuta masu kwaikwayon ƙasar da yaƙi ya ruguza: tsaronta, kasuwarta, wutarta da ruwanta, har da ra'ayin jama'arta. Manhajojin sun yi girman da mai yanke shawara ba ya iya ganin abin da ke tuƙa su. Wannan maƙala ta duba hanyoyin lissafi da ake bi don samar da ƙaramin samfuri da zai wakilci babban. Hujjarta ita ce, babban amfanin wakilin yana wajen nuna gaɓar da shawara take juyawa daga mai amfani zuwa mai cutarwa, kuma a daidai wannan gaɓa ya fi saurin kuskure. An kafa hujjar da abin da ya faru a Iraƙi, Afganistan, Biyetnam da Filifin.

Gabatarwa

A 1995 James Quinlivan, masanin lissafi a cibiyar bincike ta RAND, ya duba yadda aka kwantar da tarzoma a wurare irin su Malaya da Ireland ta Arewa, ya fito da lamba guda: a ƙasar da rikici ya yi tsanani ana buƙatar jami'an tsaro kimanin 20 ga kowane mutum 1,000. Lissafin ba ya buƙatar kwamfuta. Iraƙi tana da mutum wajen miliyan 25 a 2003, ke nan jami'ai 500,000. A watan Fabrairun wannan shekara Janar Eric Shinseki ya shaida wa Majalisar Dattawan Amurka cewa riƙe Iraƙi zai ci ɗaruruwan dubban sojoji, manyan ma'aikatar tsaro suka yi fatali da maganarsa. Bayan kusan shekara huɗu, littafin jagoran yaƙi da tayar da ƙayar baya da sojan Amurka suka fitar a Disamban 2006 ya ɗauki kusan wannan ma'auni.

A ɗaya gefen kuma akwai zanen da aka haska wa Janar Stanley McChrystal a Kabul a 2009, aikin kamfanin PA Consulting. Kibiyoyi ne rututu suna haɗa noman fure mai sa maye da kuɗin 'yan Taliban, ƙarfin gwamnati da yardar ƙabilu, hanyoyin mota da ra'ayin jama'a. An ruwaito janar ɗin ya yi barkwancin cewa ranar da aka fahimci zanen, an ci yaƙin. Jaridu sun yi ta yi wa zanen dariya, alhali ba ƙarya ya zana ba. Matsalarsa ita ce ba ya gaya wa kowa abin da zai yi ranar Litinin.

Tsakanin lamba guda da kibiyoyi ɗari ne aikin wannan maƙala yake.

Manyan samfura da nauyinsu

Yawancin manhajojin nan jikokin aikin Jay Forrester ne na jami'ar MIT, wanda tun shekarun 1950 ya tsara hanyar kwaikwayon tsari mai sarƙaƙiya ta amfani da tari da kwarara. Abin kamar rumbu ne: hatsin da ke ciki yau shi ne na jiya, a ƙara abin da aka zuba, a cire abin da aka ɗiba. A samfurin gina ƙasa, tarin na iya zama yawan marasa aikin yi, ko 'yan sandan da aka horar, ko masu ɗauke da makami, ko wutar da tashoshi ke bayarwa. Kowane tari yana taɓa kwararar wani. Rashin aiki yana ƙara masu shiga tawaye, tawaye yana lalata turakun lantarki, rashin wuta yana rufe masana'anta, rufewar tana ƙara marasa aiki. Ga kuma jinkiri, wanda shi ne ya fi wahalar kintatawa. A 2008 ayarin da sojan Birtaniya suka jagoranta ya kai injin wuta na uku madatsar Kajaki da ke lardin Helmand. Sai a 2016 injin ya fara aiki.

Ɗaliban cibiyar fasaha ta sojan saman Amurka da ke Ohio sun rubuta kundaye a 2004 da 2005 suna gina irin wannan samfuri kan Iraƙi. Hukumar DARPA ta ɗauki nauyin shirin COMPOEX, wanda ya ɗinke samfura iri-iri wuri guda. Ɗakin binciken sojan sama ya ƙera NOEM, Birtaniya kuma ta ƙera PSOM. Dukkansu suna karɓar matakan diflomasiyya, yaɗa labarai, soja da tattalin arziki, su fitar da sakamako a fannoni shida: siyasa, soja, tattalin arziki, zamantakewa, ababen more rayuwa da sadarwa.

A ɗauka samfuri yana da maɓallai 20 kacal da mai shawara zai iya murɗawa, kowanne da matsayi uku: ƙasa, tsakiya, sama. Yawan haɗuwarsu ya kai 3,486,784,401. Ko da kowane gwaji minti ɗaya yake ci, ana buƙatar fiye da shekara 6,600 kafin a ƙare. Samfuran gaske kuwa maɓallansu sun ninka 20 sau da yawa, kuma wanda ke da sa'a a cikinsa dole a maimaita kowane gwaji. Abin da kan faru a aikace shi ne ma'aikata su gwada tsare-tsare uku ko huɗu da shugabanni suka riga suka fi so, su kawo jadawali. Wannan bai kai bincike ba.

Shimfiɗa fuska a kan samfuri

Hanya ta farko ta fito ne daga masana'antar sinadarai. A 1951 George Box da K. B. Wilson suka nuna yadda za a yi gwaji kaɗan da aka zaɓa da dabara, a ɗora musu lissafi mai sauƙi wanda zai zana yadda sakamako ke hawa da sauka. Ga maɓallai 20, lissafin da ya ƙunshi tasirin kowane maɓalli, da lanƙwasarsa, da haɗuwar kowane biyu, yana da lambobi 231 da za a ƙiyasta. Gwaji 'yan ɗaruruwa sun wadatar. Masu bincike a Los Alamos sun ƙara da wata dabarar zaɓen gwaji a 1979, mai tabbatar da cewa an taɓa kowane sashe na kowane maɓalli. In kuwa fuskar tana da tudu da kwari, akwai hanyar da ta samo asali daga Danie Krige, injiniyan haƙar zinariya a Afirka ta Kudu, wanda ya riƙa kintata arzikin ƙasa tsakanin ramukan gwaji. Falalarta ita ce tana faɗin inda ita kanta ba ta da tabbas, sai a koma babban samfuri a ƙara gwaji a nan.

Da zarar an samu wakilin, amsar da ke cin sa'o'i sai ta fito nan take. Sau da yawa kuma sai a tarar maɓallai 'yan ƙalilan ne ke ɗauke da yawancin motsin, sauran rakiya suke yi.

Haɗuwar maɓallai biyu ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin Iraƙi ta ba da misali ƙarara. A 2007 Amurka ta ƙara sojoji kimanin 30,000. Kafin nan, tun Satumban 2006, shugabannin ƙabilun Anbar sun juya wa al-Qa'ida baya a yunƙurin da ake kira Sahwa, wanda daga baya ya kai mayaƙa wajen 100,000 da Amurka ke biya albashi. Kisa ya ragu sosai a ƙarshen 2007, aka yi ta gardama kan wanne ne sababi. Stephen Biddle, Jeffrey Friedman da Jacob Shapiro, a nazarinsu na 2012, sun ga cewa ba ɗayansu da zai isa shi kaɗai: an yi yunƙurin ƙabilu a baya aka murƙushe su don ba kariya, an kuma share unguwanni a baya tarzoma ta dawo. Wakilin da aka gina a kan tara tasirin kowane maɓalli daban zai raba yabon gida biyu, ya ba mai shawara ƙarfin gwiwar cewa rabin magani zai kawo rabin sauƙi. Shawarar ƙara sojoji a Afganistan a 2009 an yanke ta ne ba tare da wata Sahwa ba.

Hali, mataki, da abin da ke biyowa

Gina ƙasa ba shawara guda ba ce. Ana yanke ta duk wata, ana duba abin da ta haifar, a sake yankewa. Don haka hanya ta biyu ta ari tsarin da Richard Bellman ya shimfiɗa a 1957, Ronald Howard ya faɗaɗa a 1960, bisa lissafin masanin Rasha Andrey Markov. Ana rarraba yanayin ƙasa zuwa halaye ƙidayayyu. Ana tuƙa babban samfuri sau da dama ana ƙirga yadda yake tsallakawa daga wannan hali zuwa wancan ƙarƙashin kowane mataki. Daga ƙirgen sai a fitar da yiwuwar kowane tsallake, a warware lissafin, ya ba da doka: in ana hali kaza, mataki kaza ya fi.

Fannoni shida, kowanne da daraja uku, suna ba da halaye 729, abin da kwamfutar ofis za ta warware kafin a sha shayi. Amma Iraƙin 2003 larduna 18 ce, kuma Basra ba Mosul ba ce. In aka ba kowane lardi halayensa, adadin ya zama lamba mai alƙaluma 52. Bellman da kansa ya yi kukan wannan hauhawa. Mafita ita ce a dunƙule, kuma duk dunƙulewa zubar da bayani ne.

Akwai kuma zaton da ke ƙarƙashin hanyar baki ɗaya, cewa gobe ta dogara ga halin yau kaɗai, ba ruwanta da hanyar da aka biyo. Unguwa biyu a Bagadaza za su iya nuna ƙarancin kisa iri ɗaya a 2008, ɗaya don an sasanta, ɗaya don an riga an kori duk 'yan ɗaya ɗarikar. A jadawali hali ɗaya ne. Sannan yiwuwar tsallaken ba ta zama wuri ɗaya. Duk abin da aka ƙirga kafin 22 ga Fabrairun 2006, ranar da aka tarwatsa ƙubbar masallacin al-Askari a Samarra, bai bayyana Iraƙin da ta biyo baya ba. Masanin tattalin arziki Robert Lucas ya yi irin wannan gargaɗi tun 1976: mutane suna sauya ɗabi'a idan manufa ta sauya. A fagen tawaye abin ya fi haka, don abokin gaba yana zaune yana nazarin dokar da aka fitar.

Wa ke saka nauyi?

Ko wakili ya yi daidai, sakamako shida yake bayarwa, shawara kuma guda ake so. Nan ne nazarin yanke shawara, fannin da Howard ya raɗa wa suna a tsakiyar shekarun 1960, ya shigo da kayan aikinsa. Ralph Keeney da Howard Raiffa, a littafinsu na 1976, sun tsara yadda za a mayar da kowace manufa zuwa maki, a ba ta nauyi, a tara. Nauyin ba amsar tambayar wace manufa ta fi muhimmanci ba ne. Tambayar ita ce nawa ne darajar ɗaga wannan ma'auni daga mafi muninsa zuwa mafi kyansa, in aka kwatanta da ɗaga wancan. Masu cike takardu da gaggawa kan rikita biyun.

Tarawar tana da sharaɗi: dole darajar kowace manufa ta tsaya da ƙafarta ba tare da dogaro da sauran ba. A gina ƙasa sharaɗin ba kasafai yake cika ba. Makarantar da aka gina a gundumar da malami ba zai iya kwana ba tana samun cikakken maki a fannin ababen more rayuwa, har ta rufe giɓin da tsaro ya bari. Duk da haka marubucin wannan maƙala yana ganin wannan mataki ne ya fi kowanne gaskiya a cikin aikin, domin yana tilasta a rubuta a fili abin da babban samfuri ke ɓoyewa cikin dubban layuka: wa aka tambaya. Nauyin da hafsa mai wa'adin shekara guda zai saka daban yake da na manomin Helmand da zai ci gaba da zama bayan hafsan ya tafi.

Darasin ƙauyukan Biyetnam

Misali mafi tsanani na abin da taƙaitawa ke iya jawowa ya girmi duk manhajojin nan. A 1967 Amurka ta fara auna tsaron ƙauyukan Biyetnam ta Kudu, fiye da 10,000, duk wata. Daga 1969 aka inganta tsarin: amsoshin tambayoyi 169 kan tsaro, siyasa da tattalin arziki suna shiga babbar kwamfuta, ta haɗa su da ƙa'idar Bayes, ta fitar da maki tsakanin 1 da 5. Sai a mayar da makin zuwa cikakkiyar lamba mafi kusa, a buga harafi daga A zuwa E. Ainihin makin mai ɗigo ba a buga shi ba. Harafin kawai masu tsara yaƙi suke gani.

Melissa Dell da Pablo Querubin sun sake gina lissafin, suka wallafa sakamakon a 2018. Ƙauye biyu da kusan ba su da bambanci, a ce ɗaya ya samu 3.51 ɗaya 3.49, sukan rabu: na farko B, na biyu C. Wanda ya faɗo ƙasan iyaka ya fi fuskantar ruwan bama-bamai daga sama. Da yake rabuwar kusan sa'a ce, sai ta ba masu binciken damar auna tasirin bam ɗin kansa. Abin da suka samu shi ne harin sama ya ƙara ayyukan soja da na siyasa na 'yan Viet Cong, ya raunana mulkin ƙauye, ya rage shigar jama'a harkokin da ba na kwaminisanci ba.

Lissafin Bayes ɗin ba shi ne ya gaza ba. Matakin ƙarshe ne, mafi sauƙi a cikin duka, wanda ya mayar da ma'auni mai santsi zuwa aji biyar. Duk mai rarraba yanayin lardi zuwa ƙasa, tsakiya da sama don ya samu halaye 729 irin wannan layin yake ja.

Inda alamar ke juyawa

Maɓallin da kusan kowane samfuri ke ɗauke da shi shi ne kuɗin ayyukan raya ƙasa, da zaton cewa ƙarinsu yana rage tarzoma. Shirin CERP, wanda ya ba kwamandoji kuɗin hannu tun 2003, ya ba da damar gwada zaton. Eli Berman, Jacob Shapiro da Joseph Felter sun gano a 2011 cewa a Iraƙi kashe kuɗin ya rage hare-hare, musamman ƙananan ayyuka kuma musamman daga 2007. A Filifin, Benjamin Crost da abokan aikinsa sun ga akasin haka a 2014: garuruwan da suka cancanci shiga shirin raya ƙasa na KALAHI-CIDSS sun fuskanci ƙarin kisa, da alama don 'yan tawaye suna ƙoƙarin hana shirin kafuwa. Renard Sexton kuma ya nuna a 2016 cewa a Afganistan kuɗin CERP ya rage tarzoma a gundumomin da dakarun gwamnati ke riƙe da su, ya ƙara ta a waɗanda ake taƙaddama a kansu.

Ke nan maɓalli ɗaya, alama biyu, kuma abin da ke juya ta shi ne wa ke riƙe da ƙasa. A nan gizo ke saƙa. Wakili mai santsi yana ɗaukar matsakaicin bangarorin biyu ya ce tasirin kaɗan ne, amsar da ba ta dace da ko wace gunduma ba. Gyaran da ake da shi shi ne a tara gwaje-gwaje a kusa da inda ake zaton juyawar, ko a gina wakili daban ga kowane ɓangare. Amma wannan sai in babban samfurin kansa ya san da juyawar. In ba a saka ta a ciki ba, wakili zai kwaikwayi rashinta da cikakkiyar ƙwarewa.

Kuskure hawa biyu

Tazarar da ke tsakanin wakili da babban samfuri ana iya auna ta: a ware wasu gwaje-gwaje, a ga ko wakili ya kintace su. Rahotanni kan yi alfahari da wannan adadi. Tazarar da ke tsakanin babban samfuri da ƙasar kanta ita ce ba ta aunuwa da sauƙi. Nazarin da James Dobbins ya jagoranta a RAND a 2003 ya tattara misalai bakwai ne na gina ƙasa da Amurka ta shiga: Jamus, Japan, Somaliya, Haiti, Bosniya, Kosovo da Afganistan. Misali bakwai ba za su tabbatar da lambobi 231 ba, balle dubbai.

Saboda haka ya fi kyau a juya tambayar. Masu bincike a RAND, irin su Steven Bankes da Robert Lempert, sun ba da shawarar a daina neman tsari mafi kyau ƙarƙashin zato guda. A ɗauki tsarin da ake shirin bi, a tuƙa shi ƙarƙashin dubban zato, a nemo haɗuwar sharuɗɗan da ke kayar da shi. Wannan aiki ne da babban samfuri ba zai iya ba saboda nauyinsa, wakili kuwa zai yi shi cikin dare ɗaya. Daga nan sai a shiga lissafin darajar bayani, wanda Howard ya tsara a 1966: wane rashin sani ne, in aka kawar da shi, zai sauya shawarar? Shi ya cancanci a kashe wa kuɗi.

A Iraƙi da Afganistan, ɗaya daga cikin amsoshin a bayyane take, wato ainihin yawan sojojin gida. A Nuwamban 2014, wata biyar bayan faɗuwar Mosul, Firaminista Haider al-Abadi ya sanar da gano sojojin bogi 50,000 a takardun albashi. A Afganistan adadin da aka amince da shi na soja da 'yan sanda 352,000 ne, kuma ofishin SIGAR mai binciken kuɗin sake gina ƙasar ya daɗe yana gargaɗi kan sunayen bogi. Lokacin da aka koma ƙirga waɗanda aka ɗauki hoton yatsunsu kaɗai a 2019, adadin ya faɗi da dubun-dubatar mutane. Duk da haka a Yulin 2021 Shugaba Biden yana ambaton dakaru 300,000. Zaranj, babban birnin lardi na farko da 'yan Taliban suka ƙwace, ya faɗi ranar 6 ga Agusta, Kabul ranar 15.

Ɗaya bayanin kuwa shi ne wanda binciken Sexton ya nuna yana juya alamar kuɗi: wa ke riƙe da wace gunduma. Ƙiyasi na ƙarshe da rundunar ƙawance ta bayar, na Oktoban 2018, ya ce gwamnatin Kabul tana iko ko tasiri a kashi 53.8 cikin ɗari na gundumomi 407. A Afrilun 2019 SIGAR ta sanar cewa rundunar ta daina yin wannan ƙiyasi. Duk samfurin da aka tuƙa daga nan, babba ko wakili, ba shi da jerin alƙaluman gundumomi na hukuma da za a gwada shi da su, kuma a cikin wannan tsakanin ne aka rattaba hannu kan yarjejeniyar Doha a Fabrairun 2020, aka tsayar da jadawalin janye sojoji.